Neman shawara: tukunyar itace ta waje don ɗumama gida, gareji da ɗakin awaki a Minnesota

Baban Amira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ɗumama gida da itace a ƙasar nan, musamman mazauna karkara.

Muna zaune a arewacin Minnesota, a wani tsohon gidan gona mai fili eka 20, kuma yawancin filin kurmi ne. Da gas ɗin furofen muke ɗumama gidan, hunturun da ya wuce sai da muka ƙone galan kusan 1,200. Ga itace ya kewaye mu ta ko'ina, mu kuma muna ta zuba wa masu gas kuɗi. Shi ya sa nake tunanin sayen tukunyar nan da ake girkewa a waje, a hura mata wuta da itace, ta zafafa ruwa, a turo ruwan cikin gida ta bututun ƙarƙashin ƙasa.

Wuri uku nake so ta ɗumama: gidan kansa, da garejin da nake gyaran motoci mai nisan ƙafa 120 daga gida, da ɗakin awaki da kaji da ke bayan garejin. Wane girma ya kamata in saya? Akwai wani dattijo da zai sayar mini da tsohuwarsa da araha sosai, in karɓa ko in nemi sabuwa? Sannan wasu shekarun mukan je gida Kano a Disamba, yaya ake yi da ita in ba kowa? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya, Wisconsin:

Wa alaikumus salam Baban Amira, Allah Ya sanya alheri. Aikin da nake ci da shi ke nan, bari in ɗan tsawaita.

Kada ka fara da tambayar girman tukunya, fara da zafin da gidanka ke ci, kuma ka riga ka ba mu amsar. Galan ɗaya na furofen yana ɗauke da BTU, wato ma'aunin yawan zafi, kusan 91,500. Galan 1,200 ya kama miliyan 110, in ka cire abin da ke bin bututun hayaƙi, kusan miliyan 100 ne suka shiga gidan. Itace kuwa da kod ake auna shi, wato tuli mai faɗin ƙafa 4, tsayi ƙafa 4, tsawo ƙafa 8. Kod ɗaya na busasshen itacen ok yana da BTU kusan miliyan 24, tukunya mai kyau za ta fitar maka da miliyan 18 daga ciki. Gida kaɗai ke nan zai ci kod biyar da rabi zuwa shida, in ok ne. Gareji lissafinsa daban. Ka sa mai girka na'urorin ɗumama ya yi maka lissafin da suke kira Manual J na kowane gini, daga nan girman tukunyar zai fito. Masu sayarwa sun fi son a ɗauki babba, amma tukunyar da ta fi ƙarfin gidan yini take tana ci a hankali ba iska, sai hayaƙi da baƙar kwalta a jikin bango.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne bututu. Tukunya in ta ba ka matsala kana ganinta, ka gyara ko ka canza. Bututun da aka binne kuwa sai an sake haƙa filin gaba ɗaya. Akwai mai araha, wanda aka naɗe bututun roba na PEX guda biyu da ledar rufi aka zura cikin baƙar roba mai gwiwa-gwiwa. Da robar ta ɗan huje ruwan ƙasa zai shiga, rufin ya jiƙe, daga nan ƙasa kake ɗumamawa. Za ka gane gidan da abin ya samu a Janairu: ko'ina fari fat, amma layin ramin dusar ƙanƙara ta narke. Ka sayi wanda aka cika da kumfa mai tauri a cikin babban bututu guda na roba mai kauri, irin su ThermoPEX ko Logstor. Yana da tsada ƙwarai, amma a nan ne ba a rowa.

Ga dalilin a lissafi. Zafin da bututu ke ɗauka a awa shi ne galan nawa ke wucewa a minti, sau 500, sau bambancin zafin ruwan tafiya da na dawowa a ma'aunin Faranhait. Bututun inci ɗaya yakan ɗauki galan 8 a minti in nisan ba yawa. Da bambancin digiri 20, BTU 80,000 ke nan a awa. To in bututu ya jiƙe yana zubar da digiri 5 a hanya, BTU 20,000 ke tafiya cikin ƙasa kowace awa, dare da rana. Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki kod guda ya tafi a banza, kuma kai ka sare shi ka faskara.

Sai ka raba layi biyu, kowanne da famfonsa mai tura ruwa: ɗaya zuwa gida, ɗaya zuwa gareji. Kada ka jera su a layi ɗaya ruwa ya bi gida ya wuce gareji sannan ya dawo. Ruwan yakan fita a digiri 180, kuma ba a so ya dawo ƙasa da 140, don in ya yi sanyi haka gumi yake haɗawa a cikin murhun, tsatsa ta ci ƙarfen.

Ɗan Damagaram, Manitoba:

Injiniya ya yi lissafi da ok, amma Baban Amira wane itace ne a kurminka? Yankinku da namu duk ɗaya ne, na san galibi asfen ne da bach da fir. Asfen ba ya wuce kashi biyu cikin uku na zafin ok. Kod shidan nan sai ya koma takwas ko tara, ka ɗora gareji ka ga goma sha biyu ta zo. Ka tsaya ka kalli tuli ɗaya na kod, sannan ka ninka shi sau goma sha biyu, kowace shekara.

Kuma sababbin tukwanen nan masu ƙone hayaƙinsu ba sa cin ɗanyen itace. Suna jan hayaƙin ne ƙasa ta wata ƙofa ya sake ci da wuta a ɗaki na biyu, in itacen da laima wutar ta biyun ba ta kamawa. Ana son laimar ta gaza kashi 20 cikin 100. Asfen da aka faskara aka jera da bazara yakan bushe kafin hunturu, ok kuwa sai ya shekara biyu. Ka sayi ƙaramar na'urar auna laima, ka tsaga gungume ka auna tsakiyarsa, ba bayansa ba. Da ni ne kai, bana itace zan tara in gina masa rumfa, baɗi in sayi tukunya. A nan Manitoba ake ƙera HeatMaster, a garin Winkler, ku kuma kuna da Central Boiler a Greenbush da WoodMaster a Red Lake Falls, duk cikin jiharku, tukunya ba za ta ƙare a kasuwa ba.

In za ka sayi itace daga waje, kada ka ɗauko daga nesa. Ƙwaron nan mai kashe bishiyar ash, wanda aka fara gani kusa da Detroit a 2002, ya shigo St. Paul tun 2009, kuma akwai dokar hana fitar da itacen wuta daga yankunan da ya kama.

Baban Amira:

Asfen ne ya fi yawa ɗan'uwa, sai bach, ok ɗin kaɗan ne can gefen tudu. Goma sha biyun nan ta sanyaya mini gwiwa.

Alhaji na Michigan:

Kada su tsorata ka. Ni tsohuwar nake amfani da ita, ba ruwanta da na'urar auna laima. Gungume duk girmansa in ya shiga ƙofa ta cinye shi, ba faskare ba komai. Sababbin nan akwai kwamfuta a jikinsu, da fanka, da bulo na musamman da ke tsagewa, ga sharar bututun ciki kowane mako. Dokar hayaƙin tukwane da ake ta faɗa ta shafi masu ƙerawa da masu sayar da sababbi ne. In dattijon nan tasa ba ta yoyo, ka leƙa cikin murhun da tocila, ka ƙwanƙwasa ƙasan inda toka ke kwanciya don nan tsatsa ke fara ci. In lafiya lau ka karɓa.

Maman Sadiq, New York:

Alhaji ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Aikin jinya nake yi, kuma na san abin da hayaƙin itace ke yi wa ƙirjin yaro mai asma da tsoho mai ciwon zuciya. Tsofaffin tukwanen nan in ruwa ya kai zafinsa sai su rufe iska, itacen ya yi ta turnuƙewa, bututun hayaƙin kuma gajere, hayaƙin ya kwanta daidai tagogi. Ran da babu iska sai ya lulluɓe gidan. Ba don wasa ba hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta kafa ƙa'ida a 2015, ta kuma ƙara tsaurara ta daga Mayun 2020. A jiharmu sabuwar tukunyar gida sai ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar filin maƙwabci, bututun hayaƙinta kuma ya kai ƙafa 18. Jihohi da dama suna da tasu dokar, har ƙananan hukumomi ma wasu sun hana girka tsohuwa kwata-kwata, don haka ka je ofishin gundumarku ka tambaya kafin ka ba dattijon ko kwabo. Ka kira kamfanin inshorarka ma, su faɗa maka nisan da suke so tsakaninta da gini, kuma su rubuta maka.

Sai abin da ba wanda ya taɓo. Baban Amira, ka yi magana da Maman Amira? Tukunyar nan kamar saniyar tatsa ce, safe da yamma sai an je gare ta, ko sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili. Ran da ka kwana wajen aiki ko zazzaɓi ya kwantar da kai, ita za ta sa takalmin ƙanƙara ta fita cikin duhu ta ɗaga itace. In ta amince, madalla. In ba a tambaye ta ba, a tambaye ta.

Alhaji na Michigan:

Hajiya maganarki dutse. Ni maƙwabcina mafi kusa ya fi rabin mil, kuma yarana sun girma, shi ya sa. Amma gaskiya tana cin itace, wannan ba na musu.

Injiniya, Wisconsin:

Tana ci kam, Alhaji. Masu ƙera sababbin suna cewa sukan rage itace har kusan rabi, kuma abin da nake gani a gidajen mutane bai yi nisa da haka ba in itacen busasshe ne. Lissafin da na yi a sama na sabuwa ne. Da tsohuwa da asfen, goma sha biyun Ɗan Damagaram za ta doshi ashirin.

Batun tafiya gida. Kada ka cire na'urar gas ɗinka, ko da wasa. A cikin bututun iskarta za a sa na'urar musayar zafi, ruwan tukunya na bi ta ciki, fanka na hura iska ta kai. In wutar itace ta mutu, gas ya karɓa da kansa. Kuma muddin famfo na juya ruwa, iska mai zafi daga na'urar gas tana ɗan ɗumama ruwan a kan hanyarsa ta komawa, tukunyar ba za ta daskare ba. Sai dai gas ɗin zai ƙaru, ka cika tanki kafin ku tashi. Haɗarin yana wajen ɗaukewar wutar lantarki: famfo ya tsaya, ruwa galan ɗari biyu na zaune a waje cikin sanyin Minnesota, jihar da a Fabrairun 1996 garin Tower ya ga digiri 60 ƙasa da sifili. Dole a samu wanda zai riƙa leƙa gidan, da janareta, da na'urar da ke turo maka zafin ruwa a waya. Wasu na zuba ruwan hana daskarewa na furofilin gilaikol, amma cika tukunya da shi kuɗi ne mai yawa, kuma yana rage zafin da ruwa ke ɗauka. Ni a layin gareji kaɗai nake sa shi, a raba shi da ruwan tukunya da na'urar musayar zafi mai faranti.

Ruwan tukunyar kuma a buɗe yake ga iska, sai an zuba maganin tsatsa, a kuma aika samfurinsa gwaji duk shekara. Yawancin kamfanoni sun ɗaura garantinsu a kan wannan.

Maman Hanifa, Ontario:

Ni ɗakin awakin zan yi magana a kai. Cire shi daga lissafi Baban Amira. Akuya ƙosassa mai gashin hunturu ba ta buƙatar ɗumi, busasshiyar ciyawar shimfiɗa mai kauri take so, da bangon da iska ba ta ratsawa daidai kwanciyarta, da tagar sama da tururi da warin fitsari za su fita. In ka rufe ɗaki ka ɗumama, laima ta taru, ciwon huhu ya biyo baya. Kaji ma haka, laima ce ke sa sanyi ya ci musu tukku. Bokitin ruwa mai wutar lantarki ya wadatar, sai ɗan lungu mai ɗumi in akuya ta haihu a tsakiyar sanyi.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, na kai maganar gaban uwargida, ta ce safe za ta iya, dare kuwa kada ma in fara. Ɗakin awaki ya fita, tsohuwar tukunya ma na haƙura da ita. Injiniya saura ɗaya: ina tunanin girke ta tsakanin gida da gareji, ƙafa 60 ta kowane ɓangare, amma wurin yana arewa maso yamma da gidan. Kuma zurfin rami nawa? An ce mini a nan sanyi na ratsa ƙasa har ƙafa 5.

Injiniya, Wisconsin:

Ƙafa 5 ɗin na harsashin gini ne da bututun ruwan sha da ke zaune ba motsi. Naka ruwan zafi ne mai yawo, bututu mai kumfa ƙafa 2 zuwa 3 ya ishe shi, ka ƙara zurfi inda mota ke takawa. Abin gudu shi ne ya kwanta cikin ruwa, in filin na riƙe ruwa da bazara ka bi ta tudu ko da hanyar ta ɗan ƙaru. Ka sa layin wutar lantarki a ramin cikin nasa bututun, ka bar igiya a ciki saboda gaba. Kafin ka sa haƙa ka kira 811 su zo su nuna inda wayoyi da bututun kamfanoni suke, kyauta ne. Amma layin da ke tsakanin tankin furofen da gidanka naka ne, ba sa nuna shi, sai ka nemi mai kawo maka gas ya nuna maka.

Wurin da ka zaɓa kuwa bai yi ba. Iskar hunturu a Minnesota galibi daga arewa maso yamma take busowa, hayaƙin kai tsaye gidanka zai nufa. Ka matsar da ita gabas da layin da ke tsakanin gine-ginen biyu ko da bututu zai ƙaru da ƙafa 30, a kan daɓen siminti, ƙofarta na kallon rumfar itace, inda motar share ƙanƙara ke iya kaiwa. Ka zana filin a takarda da nisan komai da inda rijiya da ramin masai suke, ka turo, in lissafa maka girman famfon kowane layi.