Ina ake karatun kiyaye haɗarin jirgin sama?

Maman Hafsat: Salamu alaikum 'yan zaure. Hafsat ta gama digirin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Legas (Unilag), yanzu ta tasa ni gaba wai sai karatun yadda kuskuren ma'aikata ke jawo haɗarin jirgi. Na ce tuƙi za ki koya? Ta ce a'a. Wa ya san kan abin?

Baban Khalifa, Agege: Wa alaikumus salam Hajiya. Zariya mana. Kwalejin jiragen sama tana can tun 1964.

Injiniya: Zariya ta fi ƙarfi a tuƙi, gyara da kula da zirga-zirgar jirage. Abin da 'yarmu ke nema digiri na biyu ne, Jami'ar Cranfield a Ingila na yin sa shekara ɗaya, Embry-Riddle a Amurka ma sun yi suna. Kuɗi ne dai ba na wasa ba. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa kuma sai mai shekara biyu yana aiki.

Maman Hafsat: Tabɗi. Mu da muke fama da kuɗin haya a Idi-Araba.

Injiniya: Kada ki karaya Hajiya. Kafin nan ta fara da rahotannin NSIB, hukumar binciken haɗarin jirage ta Najeriya, kyauta ne a intanet. Ta ɗauko na jirgin Dana da ya faɗi a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yuni 2012, mutum 153 da ke ciki ba wanda ya tsira. Inji ɗaya ya fara ba da matsala tun da nisa, amma ba a karkata zuwa fili mafi kusa ba. Me ya sa ƙwararru suka ci gaba da tafiya? Karatun ke nan.

Anti Rabi: Allah ya jiƙansu. Ni abin da malaminmu ya fi nanata mana lokacin da nake aikin cikin jirgi shi ne haɗarin tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, 1977. Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya daga cikinsu, na kamfanin KLM, ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya ce e, shi ke nan ya ja bakinsa. To mu da aka raine mu da cewa yaro ba ya musu da babba, nan ne gizo ke saƙar.

Baban Khalifa, Agege: Wato a koya wa yara rashin kunya ke nan?

Anti Rabi: Haba Alhaji. A koya wa babba sauraro dai.

Injiniya: Bari in ba ku nawa. Wani dare mun gama aiki, ina jera kaya a akwati, kowace sifana da gurbinta, sai ga gurbi ɗaya wayam. Gabana ya faɗi. Ƙarfe uku, idona kamar garwashi, in na yi shiru ba mai sani. Na faɗa wa oga. Muka sake buɗe murfin inji da tocila, ga ta kwance a lungu. Bai tsawata min ba, fom ya miƙo min in rubuta yadda aka yi. Da ya ci mutuncina a gaban yara, wallahi na gaba ɓoyewa zai yi.

Maman Hafsat: Tana nan kusa da ni, har ta ɗauko biro. Wai ko za ta iya zuwa ta same ka?

Injiniya: Ta zo Ikeja ranar Asabar, amma ta fito da sassafe kafin Oshodi ta cushe.