Wai ChIP-seq ya binne EMSA?

Ɗan Mastas: Salam jama'a. Jiya a semina wani ya ce duk mai yin EMSA (gwajin gano ko furotin yana kama DNA) yanzu ɓata lokacinsa yake, ChIP-seq ya riga ya binne ta, kuma ni dai gsky na yarda da shi. EMSA ɗin nan, abin da Garner da Revzin da kuma Fried da Crothers suka fito da shi tun 1981 fa, ka haɗa furotin da ɗan guntun DNA mai alama ka zuba a jel ka sa lantarki, in ya kama sai layin ya yi nauyi ya maƙale a sama. Guntu ɗaya tal. Shi ko ChIP-seq, inda ake jawo furotin daga sel da antibodi a karanta DNA ɗin da ya biyo shi, tun 2007 yake nuna duk inda furotin ya zauna a jinom (dukkan DNA na sel) gaba ɗaya.

Anti Dakta: A hankali ƙanena. Ka ce ya zauna, to wa ya gaya maka shi ne ya taɓa DNA ɗin da kansa? Fomaldihaid ɗin da ake zuba wa sel ba ya tantancewa, yana manne furotin da DNA, yana kuma manne furotin da ɗan uwansa furotin. Sai antibodinka ya jawo naka kana ta murna alhali goyo aka yi masa, wani ne ke riƙe da DNA ɗin.

Ɗan Mastas: Amma Anti ai ita EMSA DNA tsirara take amfani da shi, babu histon, furotin ɗin da DNA ke nannaɗewa a kansa. A cikin sel kuwa an nannaɗe shi, wajen harafin DNA 147 a kowane ƙulli. Furotin zai iya kamawa a bututu ya je sel ya tarar ƙofa a rufe.

Anti Dakta: Wannan kam ka yi gaskiya ban musa ba. Amma ka canja harafi biyu uku a wurin da kake zargi ka ga layin saman ya ɓace, ka zuba DNA marar alama da yawa ya ƙwace furotin ɗin, ka sa antibodi layin ya ƙara hawa sama, wannan hujja ce ta kai tsaye wadda ChIP ba zai ba ka ba ko za ka shekara kana yi. Har ƙarfin kamun za ka iya aunawa.

Mai Yis: Ku bari in sa baki. Mu da muka karanta aikin yis mun san a 2013 aka nuna akwai wuraren da ake yawan kwafar jin (gene) ɗinsu, kusan duk furotin da ka gwada da ChIP sai ya fito a can, har GFP, furotin mai haske da ba ruwansa da DNA. Tun daga nan na daina rantsuwa da kowane tsaunin sakamakon ChIP da na gani a kwamfuta wlh.

Ɗan Mastas: To CUT&RUN fa? Wata hanyar yin aikin ChIP ce, ta Skene da Henikoff, 2017. Galibi ba fomaldihaid, ba farfasa DNA da sauti, antibodi ne ke jan enzayim MNase mai yanka DNA zuwa wurin, a sa kalsiyam ya yanka. Sel kaɗan ma sun isa, ba miliyoyi irin na ChIP ba.

Mai Yis: Ya fi tsafta sosai, amma har yanzu rayuwarka na hannun antibodi ɗan uwa. In ya kama wani furotin daban shikenan, taswira mai kyau ta wanda ba ka nema ba. Kuma maganar goyon nan ta Anti tana nan daram.

Tsohon Lab: Yaran nan ba wanda ya ambaci sawun DNase (enzayim mai yanka DNA) na Galas da Schmitz, 1978, wanda ke nuna maka daidai haruffan da furotin ya rufe. Mu da P-32, alamar rediyoaktif da ake sa wa DNA, muka yi, cikin kwana 14 rabin ƙarfinsa ya tafi, kana jiran kaya yana mutuwa a hanya.

Ɗan Mastas: Baba yanzu ai bayotin ake sawa a matsayin alama. Ni dai ban janye duka ba, in ana neman wuraren da ba a sani ba EMSA ba ta da abin cewa.

Anti Dakta: Nemo su da ChIP ɗinka. Ranar difens in an tambaye ka ko kai tsaye yake kamawa, ka zo akwai tankin jel a wajena, amma ka taho da man janareto.