Zama da Dattawan Gabashin Jamus

Mutanen da suka daɗe a Jamus sun tattauna yadda baƙo zai zauna da dattawan biranen Leipzig da Dresden masu kewar zamanin Jamus ta Gabas, tsohuwar ƙasar gurguzu da ta haɗe da Jamus ta Yamma. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ka ɗauka mulkin kama-karya suke kewa. Bayan haɗewar ƙasar a 1990, hukumar Treuhand ta sayar ko ta rufe dubban masana'antun gwamnati, miliyoyin mutane suka rasa aiki, matasa suka kwarara yamma. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'anta ɗaya ya wayi gari ana ce masa ƙwarewarsa ba ta da kasuwa. Aiki tabbatacce yake kewa, da haya mai sauƙi, da gidajen renon yara da suka ba mata damar fita aiki. A ganina ciwo ne na gaske, ya kamata a saurare shi da haƙuri.

An kuma ja kunne: kada ka tayar da zancen Stasi, wato 'yan sandan ciki na tsohuwar Jamus ta Gabas, a haɗuwar farko, domin akwai waɗanda suka gano a fayil ɗin da Stasi ta ajiye a kansu cewa maƙwabci ne ke kai rahotonsu. Kada kuma ka kwatanta albashinsu da na Munich, birni a tsohon ɓangaren yamma, domin har yau na gabas ya fi ƙasa.