Tambaya kan ƙa'idojin saka talla a manhajar koyar da yara karatu

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar haɗa manhajoji, musamman waɗanda suka taɓa saka talla a cikin nasu. Na kusa kammala wata manhaja ta Android da ke koya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 8 baƙaƙe da wasulan Hausa, na boko da na ajami, tare da ƙirga da gajerun labarai da ake karanta musu da murya. Niyyata ita ce in ɗora ta a Play Store kyauta, domin yawancin iyayen da na yi ta dominsu, irin na unguwarmu da Rigasa da Kawo, ba su saba sayen manhaja da kati ba, kuma ba na son kuɗi ya shiga tsakanin yaro da karatu. Sai dai aikin yana cin kuɗi, tun daga mai zane har masu naɗar murya, shi ya sa nake tunanin saka talla ta hanyar AdMob, wato tsarin Google na saka talla a manhajoji.

An gaya mini cewa manhajar yara tana da ƙa'idoji masu tsauri, har wani abokina ya ba ni shawarar in rubuta a fom ɗin Google cewa ta iyaye ce da malamai, wai hakan zai sauƙaƙa mini. Ina son sanin ko wannan shawara tana da tushe. Abin da ya fi damuna kuma shi ne irin tallan da zai riƙa fitowa, domin ba zan iya jure a ce yaro yana tsakiyar koyon babbaƙu sai ga tallan caca ko na masu ba da bashi ta waya a ƙasan shafin ba. Shin akwai hanyar toshe irin wannan tun daga tushe? Nan gaba ina da burin kai ta App Store na kamfanin Apple, don haka wanda ya san nasu tsarin ma ya taimaka mini.

Injiniya daga Unguwar Rimi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a wannan aiki, ƙanena. Zan fara da shawarar abokinka domin ita ce ta fi hatsari, kuma ina roƙonka kada ka bi ta. A Play Console, wato shafin Google da masu manhajoji ke ɗora aikinsu ta cikinsa, akwai sashen da ake tambayarka shekarun waɗanda ka yi manhajar dominsu, amma Google ba ya tsayawa kan amsarka kaɗai, yana duba hotuna da zane da kalmomin da ka bayyana manhajar da su. Wadda ke koyar da baƙaƙe da hotunan dabbobi da muryar labari, kowa ya kalle ta ya san ta yara ce. Ba da bayanin da ba gaskiya ba laifi ne mai zaman kansa a wurinsu, yana iya sa a ƙi karɓar manhajar ko a sauke ta bayan ta riga ta samu jama'a, kuma idan laifuka suka taru asusun ne kacokan ake rufewa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, a ƙa'idar Play talla ɓangare ne na manhajarka. Ko da wani kamfani ne ya turo shi, kai ne za a tuhuma idan ya saɓa wa matakin shekarun da aka ba manhajar. Wajibi ne kuma ka bayyana cewa akwai talla a ciki, domin a rubuta hakan a shafinta kowa ya gani kafin ya sauke.

Akwai ƙa'idojin da suka hau kan kowa. Talla ba ya fita wajen manhaja, wato ba ya bayyana bayan an rufe ta ko a kan allon kulle waya, kuma ba ya shigar burtu ya yi kama da sanarwar waya ko gargaɗin cewa ta kamu da cuta. Tun daga 30 ga Satumba 2022 aka ƙara tsaurarawa kan tallan da ke rufe fuskar waya gaba ɗaya: ba a yarda ya faɗo wa mutum ba zato lokacin da ya taɓa wani abu yana jiran ya buɗe ba, ba a yarda da shi a farkon mataki na wasa ko farkon sashen karatu ba, kuma dole ya zama ana iya rufe shi bayan daƙiƙa 15, sai fa wanda mutum ya zaɓi kallonsa da kansa don samun wata lada.

Na yara sun fi haka tsanani. Daƙiƙa 15 ɗin nan tana komawa 5, har da tallan lada. Ba a saka mai rufe fuska da zarar an buɗe manhaja, ba a saka fiye da ɗaya a shafi guda, kuma dole yaro ya iya bambanta talla da darasi. An hana nuna wa yaro talla bisa bibiyar abubuwan da yake sha'awa, an hana aika lambar tallan wayarsa, wato lambar da masu talla ke gane waya da ita, zuwa ko'ina, sannan kamfanin tallan da za ka haɗa da manhajar dole ya kasance cikin jerin waɗanda suka shiga tsarin Google na manhajojin iyali. AdMob yana ciki, amma sai ka sa alamar cewa buƙatar tallan ta yara ce, ka kuma tsayar da matakin abin da za a nuna a kan G, wanda shi ne mafi tsabta.

Game da caca da bashi, sa waccan alama yana kawar da caca, giya da shafukan neman abokan soyayya, domin duk haramtattu ne a manhajar yara. Duk da haka kada ka dogara da ita kaɗai. Ka shiga sashen toshe tallace-tallace na AdMob ka rufe rukunonin da ba ka so ɗaya bayan ɗaya, har da na rance, sannan ka mayar da shi al'ada kana leƙa wurin duba tallan da aka riga aka nuna, inda za ka iya toshe talla guda ko mai tallan baki ɗaya. Na'ura ce ke yin mafi yawan tantancewar, kuma akan samu wanda ya kuɓuce mata, musamman idan mai tallan ya sa kayansa a rukunin da ba nasu ba.

Malama daga Barnawa ta amsa:

Ni ba mai haɗa manhaja ba ce, malamar firamare ce kuma uwa, amma ina ganin akwai abin da zan iya ƙarawa kan bayanin Injiniya. Malam, duk ƙa'idojin nan da aka lissafa an gina su ne kan zaton cewa mai riƙe da wayar zai ga alamar rufewa ya danna ta. Yaro ɗan shekara 5 wanda bai gama sanin baƙaƙe ba, ai shi ne ka ce za ka koya wa karatu, to ta yaya zai karanta kalmar da ke nuna masa cewa wannan talla ne? Duk abin da ya yi launi kuma yake motsi taɓa shi zai yi, daga nan sai ya tsinci kansa a wani shafi ko a cikin Play Store, ya dawo wa mahaifiyarsa da waya data ta ƙare. A gidajenmu wayar uwa ce ake miƙa wa yaro, kuma idan haka ta faru sau biyu, ba za ta tsaya binciken laifin wane ne ba, goge manhajar za ta yi, ta kuma gaya wa maƙwabtanta.

Akwai kuma abin da nake so ka lissafa kafin ka yanke shawara. Iyaye da yawa suna kashe data kafin su ba yaro waya, kuma daidai suka yi. Talla ba ya zuwa sai da intanet. Ke nan a yawancin lokutan da yara za su yi karatu da manhajarka ba abin da zai shigo maka, a ɗan lokacin da zai shigo kuwa, shi ne lokacin da yaron ya fi fuskantar hatsari. Ra'ayina shi ne ka bar shafukan darasi babu talla ko kaɗan. Idan ya zama dole, ka ajiye shi a sashen iyaye, bayan wata 'yar tambaya da ƙaramin yaro ba zai iya amsawa ba.

Wani mai haɗa manhajoji daga Malali ya amsa:

Ina goyon bayan Malama, kuma lissafin kuɗin ma yana bayanta. Tallan da ba ya bibiyar mai kallo kuɗinsa bai kai na mai bibiya ba, masu talla kuma ba sa biyan kallon da aka yi daga Najeriya kamar yadda suke biyan na Amurka ko Ingila. AdMob ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma ƙaramar manhaja tana iya daɗewa ƙwarai kafin ta kai nan.

Kan batun Apple, Malam, tsarinsu ya fi kusa da abin da Malama ta faɗa. Manhajar da ta shiga rukunin yara a App Store, asalin ƙa'idar ita ce kada ta ɗauki tallan wani kamfani na waje, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, inda kamfanin yake da bayyanannen tsari na manhajojin yara wanda ya haɗa da mutum ya duba kowane talla da idonsa. Duk mahaɗin da zai fitar da yaro daga manhajar, ko wurin sayen wani abu, dole a sa shi bayan shingen da babba ne kaɗai zai iya wucewa. Ga sauran manhajoji kuma, tun fitowar iOS 14.5, wani zubin tsarin wayar iPhone, a Afrilun 2021 ba a bibiyar mutum don talla sai an nemi izininsa ya amince, kuma an hana a toshe masa wani amfani ko a yi masa alkawarin lada domin ya amince. Sun kuma shar'anta cewa talla ya tsaya a cikin manhajar kanta, maɓallin rufewa ya zama babba a fili, kuma a ba mutane hanyar kai ƙarar tallan da bai dace ba. Ka tuna asusun Apple dala 99 ne kowace shekara, na Google kuwa dala 25 ne sau ɗaya, saboda haka ina ganin ka fara tsayawa da ƙafarka a Android tukuna.

Wani abu da yake kayar da mutanenmu shi ne kara. Idan asusunka na ƙashin kai ne kuma sabo, Google zai buƙaci mutum 12 su gwada manhajar na kwana 14 kafin a ba ka damar fitar da ita, kuma na san 'yan uwa da abokai za ka nema. Cikin kyakkyawar niyya wasunsu za su riƙa danna talla domin su taimaka maka, alhali AdMob yana ɗaukar wannan a matsayin dannawar bogi, yana iya riƙe kuɗin ko ya rufe asusun. A lokacin gwaji ka yi amfani da tallan gwaji da suka tanada, kuma kai kanka kada ka taɓa danna naka.

Kada ka manta da dokar gida. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Kayan talla da ake haɗawa da manhaja suna tattara wasu bayanai na waya, kuma dole ka bayyana su a fom ɗin tsaron bayanai na Play da kuma takardar tsare sirri da za ka wallafa. Manhajar da ba ta tattara komai ta huta da mafi yawan wannan ɗawainiya.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar Malama ta shige ni, kuma na yanke shawarar cire talla daga shafukan darasi. Sai dai ga wata hanya da nake son jin hukuncinta. Akwai mai shagon littattafai da kayan makaranta a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi wanda ya nuna sha'awar ɗaukar nauyin naɗar muryoyin, da sharaɗin a sa sunan shagonsa da hoton kayansa a cikin manhajar. Tunda babu kamfanin talla a tsakani, Yaya Injiniya, shin wannan ma yana ƙarƙashin waɗancan ƙa'idoji? Kuma zan iya tura wa iyaye sanarwa idan ya kawo sababbin littattafai?

Injiniya daga Unguwar Rimi ya amsa:

Wannan hanya ta fi dacewa da irin aikinka, domin ka san mutumin, ka san kayansa, kuma hoton yana iya zama a cikin manhajar ba tare da intanet ko tattara bayanan kowa ba. Amma talla ne, don haka za ka amsa cewa akwai talla a manhajar. Sharaɗin amfani da kamfani daga cikin jerin nan na Google na manhajojin iyali bai hau kanka ba a yarjejeniyar kai tsaye irin wannan, sauran ƙa'idojin kuwa suna nan daram: a rubuta a fili cewa talla ne ko ɗaukar nauyi, kada ya yi kama da darasi, kada ya tare wa yaro hanya, kuma kada a yi amfani da kalmomin da ke zuga yaro ya matsa wa iyayensa su saya. Lambar wayar shagon ko mahaɗin WhatsApp ɗinsa su zauna a sashen iyaye. Ka kuma shaida wa mai shagon cewa tallan da ake nuna wa jama'a a Najeriya yana ƙarƙashin hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, wato ARCON, bisa dokarta ta 2022, wadda ta tanadi tantance talla kafin a fitar da shi, domin ya nemi bayanin abin da ya shafe shi.

Batun sanarwa kuwa, ka bar shi. Wayar da sanarwar za ta sauka a kanta sau da yawa tana hannun yaron ne, kuma talla ne da ya fita wajen manhaja. Apple ma bai yarda da sanarwar talla ba sai mutum ya zaɓa da kansa kuma an ba shi hanyar dainawa. Idan mai shagon yana son iyaye su san sababbin kayansa, ka sabunta hoton da ke sashen iyaye duk lokacin da ka fitar da sabon zubin manhajar, kuma ku rubuta yarjejeniyar a takarda, da tsawon lokacinta da irin kayan da ka amince a nuna.