Ajwain a abincin yaro ɗan wata 8, ya ake yi?

Salam iyayenmu da yayyena, dan Allah a taimaka min. Yarona wata 8, tunda na fara bashi kunun gyaɗa da faten wake cikinsa ke kumburi, dare yayi ta kuka yana miƙewa wallahi har tausayi yake bani. Maƙwabciyata 'yar Indiya ta bani wasu ƙananan ƙwayoyi, ajwain, ƙamshinsu kamar thyme ga ɗaci da yaji, tace su suna soyawa sama-sama su daka su zuba ɗan kaɗan a abincin yara saboda iska. Na gwada a fate sau 2 ya tofar, ko cokali ya ƙi karɓa yanzu. Yawa nayi ne? Ko tafasawa zanyi in tace ruwan? Ko in bari sai na yaye shi?