Injin jirgina ya sake ƙona gasket, ku taimaka da shawara

Sani Mai Jirgi, Goronyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwale-kwale mai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, mai silinda biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai. Da shi nake ƙetarar da mutane da buhunan albasa a Gulbin Rima. Watan jiya ya soma rage ƙarfi, in na yi lodi sai ya riƙa shaƙewa. Na kwance filogi, na sama baƙi yadda na saba gani, na ƙasa kuwa fes kamar an wanke shi, da ɗigon ruwa a bakinsa. Wani bakanike ya ce gasket ɗin kan inji ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da silinda mai hana ruwa shiga ciki, ya canza. Kwana 9 kacal matsalar ta dawo. Yanzu na sayo wani, ina son in ɗaura da hannuna don kuɗi sun ƙare. Me zan kiyaye? Wallahi da injin nan nake ciyar da gida.

Malam Bello Bakanike, Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ƙanena. Kafin ka taɓa sufana, ba ni amsa: ruwan nan da inji ke tsartarwa ta gefe in yana aiki, da ƙarfi yake fita ko ɗiga yake yi?

Sani Mai Jirgi:
Gaskiya, Oga, tun da ruwan gulbi ya ja baya yake fita a raunane. Wani lokaci sai na zura masa waya.

Malam Bello Bakanike:
To nan cutar take. Zafi ne ke cin gasket. A ƙasan inji, saman giya, akwai famfon ruwa mai farfelar roba. In kana bin ruwa marar zurfi, yashi take zuƙa, fukafukanta su cinye ko su karye, ruwa ya daina kewaya silinda. Ko gasket goma ka sa, ƙonewa za su yi. Sauke ƙafar injin, wato sashen ƙasa mai giya, ka canza robar, in guntunta sun ɓalle ka neme su a hanyoyin ruwa. Ka duba tamostat ma, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, yashi na maƙale shi.

Sai kan injin. In ya sha zafi yakan lanƙwashe, ido ba ya gani. Kankare tsohon gasket a hankali, kada ka sa sukundireba, alminiyam ne, yana da saurin rauni. Ɗora rula ta ƙarfe a fuskarsa, tsaye da kwance da gicciye, ka ɗaga wajen haske. In haske na ratsawa, ka manna samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, ka jiƙa ta, ka goga kan kana zana lamba 8 har fuskar ta yi launi ɗaya. In lanƙwasar ta yi yawa, kai wa masu injin gyaran ƙarfe su daidaita.

Ɗauri kuma daga kusoshin tsakiya ake farawa, a riƙa gicciyawa zuwa waje, zagaye biyu: na farko sassauƙa, na biyu cikakke. Ari sufana mai awon ƙarfi in da hali. Ɗaurin hannu ne ke sa gefe guda ya matse, ɗayan ya bar kafa.

Nura Wamakko:
Yaya Sani, ka shafa masa gam ɗin gasket gaba da baya, ni haka nake wa babur ɗina.

Malam Bello Bakanike:
A'a, Nura. Na kan silinda a bushe ake sa shi, fuska biyu tsaf babu maiƙo. Gam na iya matsowa ciki ya toshe ƙofofin ruwan da muke son buɗewa.

Baba Sarkin Ruwa:
Ɗana, abin da zan ƙara shi ne kusoshi. Masu zama kusa da ruwa tsatsa ke kama su. Ranar da ɗaya ta karye mini cikin inji, sati biyu jirgina na ɗaure a bakin gulbi. Tun dare ka jiƙa su da mai, da safe ka ɗan buga kan kowace, ka kwance kaɗan ka mayar kaɗan. Wadda ta ƙi, kada ka tilasta mata. Kuma ka ɗora sabon gasket kan tsoho ka ga ramuka sun dace, jabu sun yi yawa a kasuwa. In ka rasa na gaske a Sakkwato, aika Yawuri. Bayan ka haɗa, roƙona gare ka: kada ka ɗauki ɗan kowa sai ka yi gwaji kai kaɗai kusa da gaɓa. Inji ya mutu tsakiyar ruwa da mata da yara a ciki, na gani da idona, ba na fatan ka gani.

Hajiya Mai Albasa:
Malam Sani, ni fasinjarka ce. Mu za mu jira. Don Allah ka sa mana rigunan ruwa masu hana nutsewa a jirgin.

Malam Bello Bakanike:
Na manta, haɗin mai. Lita 20 na fetur, mililita 400 na man 2T da ake haɗa wa fetur, wato ɗaya cikin 50. Ka auna, kada ka yi da ka. In ka gama, ka yi tafiyar rabin awa, ka bari ya huce, ka sake duba filogin ƙasa ka ga ko da ɗigon ruwa.

Sani Mai Jirgi:
Allah ya saka da alheri. Ɗazu na sauke ƙafar injin. Fukafukai biyu na robar babu su, na tarar da guntu ɗaya a bakin bututun ruwa, ɗayan ina nema. Hajiya, na ji, zan nemo rigunan. Baba, kusoshi na nan a jiƙe, sai da safe in sha Allah.