Na canza salansa da eya kilina, yanzu mashin ɗina sai shaƙewa da harbi, a taimaka

Ɗan Hotoro: Slm ƴan uwa, dan Allah masana kafireta ku bani shawara. Mashin ɗina irin mai injin CG ne 150, kafiretarsa PZ27, tunda na siya bai taɓa wahalar dani ba. Sati biyu da suka wuce na cire salansar kamfani na saka buɗaɗɗiyar nan mai ƙara, sai wani abokina yace ai in anaso ya ja sosai sai an cire akwatin eya kilina, wato matatar iska, an ɗaura ƙaramar nan mai kama da kofi a bakin kafireta, nima na biye masa. To tun ranar ban sake jin daɗinsa ba wlh. Da safe sai na daɗe da cok kafin ya zauna a silo, in na murɗa totur da sauri sai ya shaƙe kamar zai mutu sannan ya ɗauka, in na saki totur kuma ya dinga harbi fat fat ta salansa. Shekaranjiya naje Wudil, kafin na dawo wuyan salansar yayi shuɗi, injin kuma zafi har ta cikin wando nakeji. Na kwance fulogi naga bakinsa fari tas kamar alli. Meye mafita?

Mai Roba-Roba: Mafita ka maida kayan kamfani ka huta, mu ma maƙwabta mu samu bacci.

Sarkin Gudu: Kar ka saurare shi. Kafiretar ce tayi maka kaɗan, ka ɗaura babbar kafireta PZ30 kawai, ko ka samu siririyar waya ka ɗan buɗa ramin jet ɗin, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da mai yake bi a cikin kafireta, ni haka nayi wa nawa.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Yarona kafin komai ka daina doguwar tafiya da mashin ɗin nan sai an gyara, farin fulogi da zafin da kake faɗa mai ne yayi masa kaɗan iska tayi yawa, kuma irin wannan shine yake cinye bakin bawul ɗin salansa, in akayi rashin sa'a ya huda kan fistin. Tambaya ɗaya zan maka, an taɓa matse maka kafiretar nan saboda shan mai?

Ɗan Hotoro: Eh Baba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 lita tayi tsada na kai wa wani yaron gareji ya matse min, yace ya sauke allurar cikin kafireta ya kuma ɗaure sukurun ƙasanta dan man dake shiga inji ya ragu.

Tsohon Bakanike: To ka gani. Dama an riga an rage masa abinci, kai kuma kazo ka buɗe masa hanci da baya gaba ɗaya. Injin fetur yana ƙona mai daidai ne in iska ta ninka shi wajen sau 14.7 a nauyi, in ƙarfi akeso ma sai an ɗan ƙara mai ya dawo wajen 13. Akwatin eya kilina na kamfani yana riƙe iska, wannan riƙewar tana taimakawa wajen zuƙo mai daga cikin kofin kafireta, da ka cire shi iska ta samu hanya zuƙar ta ragu, jet ɗin kuma yana nan yadda yake. Kuma ka sani a gyaran nan biyu eya kilinar ce tafi rikita lissafi, salansa tata kaɗan ce.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. In injin ya ɗau zafi ka rufe cok rabi ka murɗa totur, in kaji shaƙewar ta ragu to an gama magana, mai ne baya isa. Ko ka naɗe rabin eya kilinar da salatif ka ɗan zaga, duk abu ɗaya zai nuna maka.

Sai dai kar ka fara siyan jet tukuna, ka fara tabbatar da ba iskar sata. Robar dake tsakanin kafireta da inji tana tsagewa, barin ma yanzu da ba akwatin dake tallafe kafiretar ta baya, nauyinta duk akan robar yake. Sannan gaskit ɗin wuyan salansa, yawancin masu canza salansa tsohon suke maidawa, in yana shan iska ta nan ko jet ɗin duniya ka saka harbin nan ba zai daina ba. Ka sa sabo, ka sa a duba tafet ma, wato tazarar bawul, da sanyin inji, irin injin CG milimita 0.08 ake bashi.

Kafireta kuma hawa uku ce. Daga silo zuwa kwatan totur ƙaramin jet ne da sukurun ƙasa suke aiki, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, daga nan zuwa ƙarshe babban jet. Wuyar tashi da safe da harbin nan ƙaramin jet ne da sukuru, shaƙewar tsakiya allura ce, zafin kan titi kuma babban jet da allura. Ka kwance kofin ƙasa ka karanto mana lambar dake jikin jet ɗin duka biyu.

Mai Walda: Baba wannan sukurun fa kullum yana rikita ni, wani yace a kwance mai ya ƙaru wani yace a ɗaure.

Tsohon Bakanike: Duk sunyi gaskiya ƙanina, kafiretar ce ba iri ɗaya ba. In sukurun yana ɓangaren inji na mai ne, ka kwance mai ya ƙaru. In yana ɓangaren eya kilina na iska ne, ka kwance iska ta ƙaru. Na PZ27 ɓangaren inji yake. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa, kar a danne dan bakinsa siriri ne yana karyewa a ciki, sai a dawo dashi zagaye biyu, daga nan a dinga juyawa kwata kwata ana sauraron inji inda silo yafi tashi ya kuma zauna lafiya. In sai da ka wuce zagaye uku yayi daɗi to ƙaramin jet ɗin ne yayi kaɗan.

Ɗan Hotoro: Na kwance yanzu Baba, babban an rubuta 98, ƙaramin 35, ƙugiyar allura kuma tana gaɓa ta biyu daga sama, gaɓoɓin biyar ne.

Tsohon Bakanike: Madalla. Ka nemo babban jet 102, 105, 108 da 110, da ƙarami 38, ka duba wajen masu kayan mashin a Fagge. Ka tafi da naka a hannu dan zaren jet ɗin kamfanin Keihin da na kamfanin Mikuni ba ɗaya bane, lambobinsu ma basa tafiya tare, taka kuwa kwaikwayon Keihin ce. Ka fara da babba kana saukowa, dan in mai yayi yawa iyakaci fulogi yayi baƙi mashin ya dinga burburwa a sama, in yayi kaɗan kuwa inji zaka sauke. Allurar ka maida ƙugiyar gaɓa ta uku, in bai isa ba ta huɗu, ƙugiya tana sauka allura tana hawa mai yana ƙaruwa, nan ne yara suke juya abin. Kuma abu ɗaya zaka dinga canzawa ka gwada, in ka taɓa uku lokaci guda bazaka san wanda yayi aiki ba.

Maganar waya kuma da Sarkin Gudu yayi, lambar nan 98 kusan faɗin ramin ce, bai ma cika milimita ɗaya ba, tsakanin 98 da 105 ko kaurin gashin kai da ƙyar, ta yaya hannu da waya zasu auna wannan? Kuma rami in ya buɗu baya komawa. PZ30 akan injin 150 da ba'a taɓa cikinsa ba kuma iska bata gudu sosai a cikinta, ƙasan totur ne zai mutu masa.

Sarkin Gudu: Nawa dai yana tafiya.

Mai Roba-Roba: Yana tafiya gidan mai ba.

Ɗan Tudun Jos: Ƙarin bayani kaɗan, kar ka kwafi lambar kowa. Mu nan Jos tudu ne, wajen mita 1,200 muke sama da teku, Kano kuwa bata kai 500 ba, iskarmu bata da nauyin taku, jet ɗin da yayi min daidai kai zai maka kaɗan. Haka in ka saita da zafin Afrilu, sanyin Disamba yana zuwa zakaji ya sake neman mai. Karanta fulogi ma akwai yadda akeyi, ba wai ka dawo gida ka barshi a silo sannan ka kwance ba, wannan silo kawai ka karanta. Ka samu miƙaƙƙen titi da ba mutane, ka riƙe totur a ƙarshe na ɗan lokaci, ka kama kulochi ka kashe makulli tare, ka gangara gefe ka duba. Kalar ƙasa-ƙasa ake nema kamar shayi da madara.

Hajiyar Kaya: Ni ba bakanike bace kayan mashin nake saidawa, amma ɗana ka tuna hunturu. Ƙaramar eya kilinar nan ta waya ƙura take tacewa ko tsakuwa? Masu ita ne suke dawo min neman ringi da bulo, da damina kuma ruwa ta sha kai tsaye. In dole sai ka buɗe ka sa ta soso ka shafa mata mai.

Ɗan Hotoro: Ngd sosai jama'a, ga yadda akayi. Gaskit ɗin salansa dama ya murƙushe, na sa sabo harbin ya ragu da rabi tun kafin na taɓa kafireta. Na sa ƙaramin jet 38, sukuru zagaye biyu, yanzu bugu ɗaya yake tashi. 110 da 108 burburwa suke a sama, 105 ne ya zauna, allura gaɓa ta huɗu, fulogi yayi kalar shayi. Hajiya na karɓi maganarki na sa ta soso. Amma Baba gaskiya yanzu yana shan mai fiye da da, ba yadda za'a ɗan rage?

Tsohon Bakanike: Akwai yarona. Akwatin kamfanin da ka cire yana ina?

Ɗan Hotoro: Abokin nawa ya karɓa ya saka a nasa.